Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa: Yadda Ake Kwashe Fayiloli A Gida Ba Tare Da Asara Ba

Akwai tambayar da ke yawan dawowa daga ɗalibai da masu kula da makarantun Islamiyya a nan Adakpame da sauran unguwannin Lome, musamman idan azumi ya gabato ko an kusa komawa makaranta. Mutum ya samu sabuwar kwamfuta, ko ya sayo ta hannu daga kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, ga kuma tsohuwar a ajiye cike da karatu. To yaya zai kwashe abin da ke cikin wannan ya zuba a waccan? Wani kuma kwamfutoci biyu ne a gidan, ɗaya ta maigida a falo, ɗaya ta yara a ɗaki, yana so ya riƙa tura abu daga nan zuwa can ba tare da ya ƙona data ba.

Tambayar tana da sauƙi a baki, amma abin da ke cikin waɗannan na'urori yana da nauyi. A ciki ake samun sautin tafsirin shekaru na malamin da ya riga mu gidan gaskiya, wanda wataƙila babu kwafinsa a wajen kowa. A ciki ake samun rajistar ɗalibai, da lissafin kuɗin ginin masallaci, da kundin da ɗalibi ya shekara yana rubutawa domin kammala karatu a Jami'ar Lome, da hotunan iyaye. Kuma sau da yawa ranar da aka tashi kwashe su ita ce ranar da suke salwanta. Dattawanmu da suka ga rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome a 1977, aka mayar da mutane arewacin gari, ba sai an gaya musu abin da ƙaura ke yi wa kaya ba.

Abu na farko da ya kamata 'yan'uwa su riƙe shi ne, kwamfuta ba ta ɗaukar fayil ta kai shi wata kwamfutar kamar yadda ɗan dako ke ɗaukar buhun masara daga mota zuwa shago. Abin da take yi shi ne ta karanta na asali, ta rubuta irinsa a sabon wuri. Idan ka zaɓi Copier, ta rubuta sabo ta bar maka tsoho. Idan ka zaɓi Couper, ta rubuta sabo ta goge tsoho da kanta, fayil bayan fayil, ba tare da ta jira ka duba ba. Muna kawo waɗannan kalmomi da Faransanci ne saboda yawancin kwamfutocin da ke hannunmu a Togo da shi suke magana, wanda tasa ke Turanci kuwa zai ga makwafinsu a daidai wurin.

Tun da aikin kwafi ne, to mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa littafin da aka kwafa ba a dogara da shi sai an yi masa muƙabala, wato an ɗora shi kusa da asalinsa an bi su layi-layi. Ibnus Salahi, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya yi magana mai tsawo a kan haka a Muƙaddimarsa, har ya kawo cewa Khaɗibul Bagadadi ya so a riƙa barin ɗan da'irar da ke raba hadisi da hadisi fanko, sai an gama muƙabala sannan a ɗiga mata ɗigo a tsakiya. Haka alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya miƙa shi sai an bi shi an duba. Wannan tsari shi ne dai za mu bi da kwamfuta: a kwafa, a yi muƙabala, sannan a yi maganar gogewa. Duk ranar da ake babbar ƙaura, a manta da Couper gaba ɗaya.

Kafin a taɓa komai, a fara tattara kaya. Fayiloli ba su zama wuri ɗaya. Wasu suna Bureau, wasu suna Documents, da yawa suna Téléchargements inda mutane ke mantawa, wasu kuma suna ɓangaren D idan an raba rumbun kwamfutar gida biyu. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan a auna nauyinsu: a danna folda da maɓallin dama na linzami, a shiga Propriétés, za a ga girmanta da adadin fayilolin da ke ciki. A rubuta waɗannan lambobi biyu a takarda, domin da su za a yi muƙabala daga baya, kuma su ne za su nuna hanyar da ta dace a bi.

Ga misali domin a ga lissafin. Sautin MP3 mai matsakaicin inganci, na kilobit 128, yana cin kusan mega 58 a kowace awa. Tafsirin kwana 30, awa biyu kullum, ya kama awa 60, wato kusan giga 3 da rabi. Bidiyo kuwa wani al'amari ne daban, domin awa ɗaya da aka ɗauka da waya mai kyau kan wuce giga 4 ita kaɗai.

Hanyar da mutane suka fi saurin bi ita ce intanet. Mutum ya tura wa kansa fayil ta WhatsApp ko Telegram ko imel, ya koma ɗaya kwamfutar ya sauke. Idan takarda ɗaya ce ko biyu, babu laifi. Amma a lura da abin da ke faruwa: fayil ɗin ya bar gidanka ta layin Yas ko Moov, ya tafi manyan kwamfutocin kamfanin da galibinsu ke ƙasashen waje, ta igiyoyin ƙarƙashin teku irin Equiano da aka sauke a gaɓar Lome a watan Maris na 2022, sannan ya dawo ɗakin da ke kusa da wanda ya fito. Ka biya kuɗin tafiya, ka biya na dawowa. Tafsirin nan na giga 3 da rabi ya ci maka giga 7. Ga kuma iyakoki: Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a wasiƙa ɗaya, WhatsApp ya tsaya a giga 2, Google Drive na kyauta giga 15 ne. Sannan WhatsApp yana matse hoto da bidiyo idan ba a tura su a matsayin takarda ba, sai ka ga shafin littafin da aka ɗauki hotonsa ya iso wasullansa sun dushe. Wanda ke da fiba a gida ba ya jin zafin kuɗin, amma shi ma yana ɓata lokaci ne a banza.

Kile da abin da ke tattare da ita

Ga yawancin gidaje, kile, wadda 'yan Najeriya ke ce wa filas, ko kuma rumbun ajiya na waje, ita ce hanya mafi sauƙi. Ka soka a tsohuwa, ka kwafa, ka cire, ka soka a sabuwa, ka sake kwafa. Ba ta buƙatar intanet ko wani saiti. Tana da wata fa'ida da sauran hanyoyi ba su da ita: idan ka gama, kwafi na uku ya rage a hannunka. Idan kwamfutar tana da ƙofar USB mai shuɗin harshe a ciki, a yi amfani da ita, domin yawanci ita ce ta 3.0 wadda ta ninka ta 2.0 sauri sau da yawa, matuƙar kilen ita ma irin ta ce.

Sai dai matsalolin kile guda uku ne, kuma duk ukun sun zama ruwan dare a garin nan.

Ta farko: kana da kile mai giga 16, babu komai a cikinta, ka zo saka bidiyon wa'azi mai giga 5, sai kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Mutum ya yi ta mamaki, ga wuri amma an ce babu wuri. Dalilin shi ne tsarin da aka shimfiɗa a cikin kilen. Yawancin ƙananan kile suna zuwa da tsohon tsari mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Maganin shi ne a sake shimfiɗa ta da exFAT ta hanyar Formater. Wannan yana goge duk abin da ke cikinta, saboda haka a kwashe tukuna. Mun fi son exFAT a kan NTFS saboda Windows da Mac duk suna karantawa kuma suna rubutawa a kansa, alhali Mac karanta NTFS kawai yake yi. Amma kilen da ake sokawa a amfilifayar masallaci ko rediyon mota a bar ta a FAT32, domin da yawa daga cikin waɗannan na'urori shi kaɗai suka sani.

Ta biyu ita ce cutar da ake kira rakursi. Ɗalibi ya kai kilensa shagon intanet ko wurin buga takarda, ya dawo gida ya buɗe, sai ya ga duk foldodinsa sun koma 'yan gumaka masu ƙaramar kibiya a ƙasa, kowanne nauyinsa kilo 1 ko 2. A nan ne mutane ke ruɗewa su yi Formater, su kashe kayansu da hannunsu. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Kada a danna ko ɗaya daga cikin gumakan, domin dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta. A fara sa Microsoft Defender ya binciki kilen. Sannan a buɗe Invite de commandes, idan harafin kilen E ne a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a danna Entrée. Foldodin gaskiya za su bayyana, sai a goge gumakan ƙarya da duk wani baƙon fayil da sunansa ya ƙare da vbs. Abin da ya sa muka tsaya a kan wannan shi ne, idan tsohuwar kwamfuta tana ɗauke da cutar, kilen da ka yi jigila da ita za ta kai wa sabuwar tun ranar farko. A binciki kile a sabuwar kwamfuta kafin a buɗe ta.

Ta uku ta fi su muni, domin ba ta nuna alama. Akwai kile na jabu da aka yi wa dabara su riƙa cewa girmansu giga 128 ne ko ma tera 1, alhali ainihin cikinsu giga 8 ne ko ƙasa da haka. Za ta karɓi duk abin da ka zuba, sunayen fayiloli su jeru tsaf, girman kowanne ya nuna daidai, amma abin da ya wuce ainihin cikinta ya tafi. Sai ranar da ka zo sauraro ka tarar ba ya buɗuwa, a lokacin kuma ka riga ka goge asali. Araha ba ta ado. Ko a Dekon ka saya ko a bakin titi, idan farashi ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, a gwada ta da H2testw, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ke cika kile da rubutu har baki sannan ta karanta ta gaya maka nawa ne ya dawo lafiya. Gwajin yana cin lokaci, a sa shi da dare. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A ƙarshen kowane kwafi a danna Éjecter kafin a zare. Idan kuma kwamfutar ta tebur ce marar batir kuma babu ondila, kada a fara babban kwafi a lokacin da ake yawan ɗauke wuta. Wuta ta yanke a tsakiya, fayil ya tsaya rabi, sunansa kuwa yana nan kamar cikakke.

Idan kwamfutocin suna kan wifi ɗaya

Wanda ke da akwatin wifi a gida yana da hanya a cikin gidansa da bai sani ba. Kwamfutoci biyu da ke kan akwati ɗaya suna iya magana da juna kai tsaye, fayil ya bi ta akwatin ya sauka, ba tare da ya leƙa intanet ba. Ko kuɗin wata ya ƙare an yanke layi, wannan hanyar tana aiki matuƙar akwatin yana kunne. Ita ce ta dace da gidan da kullum ake tura abu tsakanin na'urori biyu.

Idan an haɗa su da kebul na Ethernet maimakon iska, sauri ya fi haka kuma ba ya tsinkewa. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata ɗalibai su warware: saurin layi da bit ake auna shi, girman fayil kuwa da oktet, kuma bit 8 ne oktet ɗaya. Tsohuwar ƙofa mai megabit 100 tana wuce da kusan mega 11 a daƙiƙa, wato tafsirinmu na giga 3 da rabi zai ƙare cikin minti biyar da 'yan kai. Ƙofar gigabit kuwa, idan rumbunan biyu suna da ƙarfin bin ta, ƙasa da minti ɗaya. Kwatanta wannan da Bluetooth, wanda zai kwashe awanni a kan kaya ɗaya. Bluetooth na hoto ɗaya ne ko takarda ɗaya.

Saitin a Windows 10 da 11 ga yadda yake. A kwamfutocin biyu a shiga saitin layin a mayar da shi Réseau privé, domin idan yana public Windows yana rufe ƙofa. A Paramètres de partage avancés a kunna gano na'urori da raba fayiloli. A kwamfutar da ke da kayan, a shiga Propriétés na foldar, a zaɓi Partage, a ba da izinin Lecture kawai, wato mai zuwa ya iya karantawa da kwafa amma ba ya iya gogewa. Sannan a buɗe Invite de commandes a rubuta ipconfig, za a ga lambar kwamfutar, galibi mai farawa da 192.168. A ɗaya kwamfutar, a buɗe taga ta fayiloli, a layin adireshi a rubuta karkatattun sanduna biyu sannan lambar, kamar \\192.168.1.20. Za ta nemi suna da kalmar sirri.

A nan mutane da yawa ke maƙalewa. Sunan da kalmar sirrin da ake nema na kwamfutar da ke da kayan ne. Lambobin PIN da kake buɗe ta da su kullum ba su ne kalmar sirri ba, kuma asusun da ba shi da kalmar sirri sam Windows ba ya bari a shige shi ta layi. Wasu idan sun gaji sai su kashe kariyar kalmar sirri gaba ɗaya. Ba mu goyon bayan haka, ganin yadda muke zaune. A gidajen haya na tsakar gida ɗaya, lambar wifi tana hannun maƙwabta da 'ya'yan maƙwabta da baƙinsu. Foldar da ka buɗe babu kariya, duk wanda ke kan layin yana iya ganinta, har da hotunan iyalinka. A kan wifi zon na unguwa da ake sayen tikiti kuwa, kada a kunna rabon fayil ko kaɗan.

Wani abin lura: bidiyoyin koyarwa da yawa a YouTube suna nuna Groupe résidentiel. Microsoft ta cire shi daga Windows 10 tun 2018, kada a wahala nemansa. Idan kuma tsohuwar kwamfutar Windows XP ce, sabuwa ba za ta gan ta ba sai an kunna wani tsohon tsari mai suna SMB1. Ta wannan tsarin ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila. A bar shi a kashe, a kwashe kayan XP da kile.

Wanda duk wannan saiti ya yi masa yawa, akwai gajeriyar hanya. LocalSend manhaja ce ta kyauta da ke aiki a Windows da Mac da Linux da wayoyi. A saka ta a na'urorin biyu, suna kan wifi ɗaya, kowace ta ga 'yar'uwarta, ka zaɓi fayil ka tura, ɗayan ya amince. Wanda ya saba da Xender a waya zai gane ta nan take. Windows ma yana da nasa mai suna Partage de proximité, amma ya fi dacewa da 'yan fayiloli kaɗan. Idan babu akwatin wifi a gidan, wayarka tana iya zama akwatin: ka kunna raba layinta, kwamfutocin biyu su hau. A kashe datar wayar idan ta yarda, in ba haka ba kwamfutocin za su ga intanet su fara sabunta kansu, su cinye abin da kake ƙoƙarin tattalawa.

Ana kuma iya haɗa kwamfuta da kwamfuta da kebul na Ethernet guda, babu akwati a tsakani. Na'urorin zamani ba su buƙatar kebul na musamman domin haka, kuma bayan ɗan lokaci kowace za ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254. Sai dai Windows yana ɗaukar irin wannan layi a matsayin baƙo ya rufe shi, saboda haka ya fi wahalar saiti. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne kebul na USB mai faffaɗan kai iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Kada a haɗa kwamfutoci biyu da shi, domin kowace tana tura wuta ta ƙofar, ana iya ƙona ɗaya.

To idan tsohuwar ta mutu fa, ba ta kunnuwa sam? Sau da yawa rumbun da ke cikinta lafiyarsa lau. Ana ciro shi a saka a wani ɗan akwati mai igiyar USB, ya koma kamar rumbun waje, a soka a sabuwa a kwashe. Mai gyara yana yin wannan cikin 'yan mintuna, kuma ya fi kyau a yi a gabanka, ba don zargi ba, sai don abin da ke ciki sirrin gida ne da na jama'a. Idan rumbun yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, a daina kunna shi ana gwadawa, kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Sababbin kwamfutoci kuma da yawa suna zuwa da kullen BitLocker, wanda ba a buɗe rumbun a wata na'ura sai da mabuɗi mai lambobi 48. Mai irin wannan ya nemo mabuɗinsa a asusunsa na Microsoft ya rubuta a takarda tun kwamfutar tana da rai.

Akwai abubuwan da kwafi ba ya ɗauka. Manhajoji irin Word ba a kwafar foldarsu su yi aiki, sai an sake girka su. Gumakan da ke Bureau masu kibiya alamomi ne kawai, wanda ya kwafe su bai kwafi komai ba. Abin da ya fi shafarmu shi ne salon haruffa. Takardar da aka tsara da wani salon rubutun Larabci na musamman, idan ta je kwamfutar da ba ta da shi, sai layuka su hargitse, wani lokaci ayoyi su koma wasu alamomi marasa ma'ana. A kwafi salon haruffan a girka a sabuwar, kuma duk takarda mai muhimmanci a fitar da kwafinta na PDF tun a tsohuwar. Littattafan Larabci masu dogayen sunaye da ke cikin folda cikin folda su ma suna kawo cikas, domin Windows yana tuntuɓe idan adireshin fayil ya wuce haruffa 260. A gajarta sunayen foldodin.

Ga ɗaliban da ba su tsoron baƙin allo, Windows yana da robocopy. Idan aka rubuta robocopy D:\Tafsir E:\Tafsir /E zai kwafi foldar da duk 'ya'yanta, ya ba da rahoton nawa suka wuce nawa suka gaza. Idan wuta ta yanke aka sake ba shi umarnin, zai tsallake waɗanda ya gama ya ci gaba. A guji /MIR da ake gani a wasu darussa, domin yana goge duk abin da ke wurin sauka wanda babu shi a asali, kuma wanda ya juya adireshin biyu bisa kuskure ya share kayansa.

Yanzu sai muƙabala, wadda ita ce mutane ke tsallakewa saboda sun ga koren layi ya kai ƙarshe. A ɗauko takardar nan da aka rubuta lambobi. A shiga Propriétés na foldar a sabuwar kwamfuta. Adadin fayiloli ya zama ɗaya. Girma a layin Taille, wanda ake rubutawa da oktet har ƙwayar ƙarshe, ya zama ɗaya. Layin Taille sur le disque yana iya bambanta, wannan ba komai. Idan adadi ya gaza ko da ɗaya ne, a nemo wanda ya ɓace. Sannan a buɗe wasu daga farko, wasu daga tsakiya, wasu daga ƙarshe. Sauti da bidiyo a ja su zuwa mintin ƙarshe a ji ko malam ya kai addu'ar rufewa, domin fayil ɗin da ya yanke yana fara wasa lafiya lau.

Lambobin girma kaɗai ba su kama kilen jabu, kamar yadda muka faɗa. Ga abin da ba shi da madadi, akwai gwajin da ya fi ƙarfi. A PowerShell a rubuta Get-FileHash sannan adireshin fayil ɗin, kwamfuta za ta fitar da wani jeri na haruffa da lambobi 64, wanda yake kamar zanen yatsan wannan fayil. A yi haka a na'urorin biyu. Idan jerin ya zo ɗaya, kwafin daidai yake da asali. Idan ɗigo ɗaya ya sauya a ciki, jerin gaba ɗaya zai sauya. Ba a yin wannan ga fayil dubu, amma kundin digiri ko rajistar makaranta sun cancanta.

Ko bayan muƙabala, muna ganin kada a yi saurin share tsohuwar. A bar ta wata ɗaya ko biyu, domin sai ana aiki da sabuwa ake tuno abin da aka manta. Kuma kwafi biyu da ke ɗaki ɗaya, a gaban ruwa ko wuta, kwafi ɗaya ne. Mu mazauna Adakpame mun san yadda ruwa ke shiga gidaje idan damina ta kankama, mutanen Lome kuma ba su manta gobarar babbar kasuwa ta watan Janairun 2013 ba. Ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfen na'urori a hankali. Rumbun waje da aka yi jigila da shi, a ɗaure shi a leda a kai wa ɗan'uwa a Agoe ko wata unguwa mai tudu. Kayan masallaci da na makaranta kuwa kada su zauna a hannun mutum ɗaya, kwamiti ya san inda kwafi na biyu yake da wanda ke riƙe da shi.

Idan lokacin rabuwa da tsohuwar ya yi, za a sayar ko a ba wani yaro, a sani cewa gogewa da zubar da kwandon shara ba su share fayil daga rumbu. Sunansa kawai ake cirewa daga jeri, kuma akwai manhajojin kyauta da ke dawo da shi. A Windows 10 da 11 a shiga Réinitialiser ce PC, a zaɓi Supprimer tout, a shiga sauya saituna a kunna Nettoyer les données. Zai ɗauki awanni, a haɗa ta da wuta a bar ta ta gama. Kafin nan a fita daga WhatsApp na kwamfuta da imel da duk asusun da ke buɗe. Idan kuwa ta riga ta mutu ne za a ba masu sayen ƙarfe, a ciro rumbun a riƙe, a ba su gangar jikin.